Haƙorin da ba ya famfara

Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamar Islamiyya ce a wani gari kusa da Jega, shekarata 29, 'ya'yana uku. Maganar ɗan farina ce, mai shekara 7. Tun da aka yaye shi yake ɗakin Inna, mahaifiyar maigidana, gida ɗaya muke. Wata biyu ke nan yana fama da haƙori, na can ƙurya, ɓangaren ƙasa. Da in ya sha ruwan sanyi ne yake riƙe kunci, yanzu har cikin dare yake tashi da kuka. Na leƙa da fitilar waya na ga baƙin rami, biyu na kusa da shi ma sun fara ci. Inna ta ce tsutsa ce. Ta kai shi wurin mai magani ranar kasuwa, ya turara masa hayaƙi, ya fitar da tsutsa uku a kwano, ta gani da idonta. Ya yi kwana goma lafiya, ciwon ya dawo. Maigida ya ce kar a ɓata kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi a kan haƙorin da zai famfare. Abin da ya fi damuna, Inna alewar madara da gullisuwa take yi, a bakin makarantarmu ake sayar mata, da ita take rufa wa kanta asiri, kuma aljihun yaron ba ya rabo da ita. A ajina ma yara da yawa haƙoransu sun yi baƙi. In na yi magana za a ce ba ni da kunyar ɗan fari, ko ina son kashe wa tsohuwa sana'a. In na yi shiru yaro na wahala. Ina tsoron kar ƙanwarsa mai shekara 3 da wanda nake goyo su bi sahu. Yaya zan yi?

Malama, daga yankin Jega

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗiyata. Allah ya ba angon Inna lafiya, ke kuma ya yi miki albarka da kika ɗauki fitila kika leƙa. Iyaye da yawa sai kunci ya kumbura suke sanin akwai rami. Wasiƙarki ta haɗo zaman gida da sana'ar tsohuwa da yaran ajinki, duk za mu taɓo su, amma akwai abu guda da ba zai jira a gama shawara ba.

Yau da daddare, in an gama cin tuwo, ki kira maigidanki ɗaki, a kira yaron, a kunna fitilar nan. Ku fara ƙirga haƙoran ƙasa daga tsakiyar baki, inda na gaba biyu suka haɗu, ku nufi ƙurya ta ɓangaren da ke ciwo. In kun tarar da giɓin famfara, ku ƙirga da shi. Haƙoran nono 20 ne cif, 10 sama 10 ƙasa, wato biyar-biyar a kowane ɓangare. To in mai ramin ya faɗo na shida, na girma ne. Shi ne turmin farko, yana fitowa wajen shekara 6 a bayan na nonon, shiru, ba wani da ke faɗuwa ya ba shi wuri, shi ya sa iyaye ke ɗaukarsa cikin na yarinta. Wannan haƙori ba ya famfara. In ya tafi babu mai zuwa a madadinsa, kuma shi ya fi kowane saurin ruɓewa, domin samansa cike yake da 'yan kwaruruka da abinci ke maƙalewa, ga shi a lungun da hannun yaro ba ya kaiwa.

Ni da ke ba ki shawarar nan, nawa na hagu tun ina 'yar shekara 12 aka cire shi, bayan an gama gwada kanumfari da kanwa da hayaƙi. Na bayansa ya karkato cikin giɓin, na sama ya zazzago, yau shekara fiye da 40 da ɓangare ɗaya nake taunar nama. Ranar babbar Salla nakan tuna.

In kuwa ƙirgar ta tsaya a na huɗu ko na biyar, maigida ya yi gaskiya cewa na nono ne, sai dai gaskiyar ba ta kai shi inda yake so. Turamen nono ba sa faɗuwa sai yaro ya kai wajen shekara 10 zuwa 12. Wa zai iya jin kukan dare na shekara uku ko huɗu? Kuma su ke riƙe wa na girma wuri. In suka fita tun lokaci bai yi ba, na baya su matso gaba, sabbin su rasa hanya su fito a cunkushe. In mugunya ta taru a gindinsu, tana iya ɓata wanda ke kwance a ƙarƙashi tun bai ga rana ba. Ko wace lamba kuka samu, hanya ɗaya ce, ta asibiti, bambancin kawai da lamba shida maganar za ta fi saurin shiga kunnen maigida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kukan dare. Ciwon da sai an sha sanyi ko zaƙi yake tashi, ya lafa nan take, rami ne da bai yi zurfi ba. Wanda ke tashin yaro daga barci ba tare da an taɓa shi ba, alama ce ramin ya kai ga jijiya ko yana dab da ita. Irin wannan ciwo yana zuwa yana tafiya da kansa, kuma wata rana zai ɗauke ɗif, kowa ya ce an warke. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, mugunya kuma ta soma taruwa a ƙarshen saiwa. Saboda haka ki sa ido sosai. In kika ga kunci ya kumbura, ko ƙarƙashin haɓa, ko kumburin ya nufi ido, ko zazzaɓi ya haɗu da shi, ko ya kasa buɗe baki, ko haɗiyar yawu ta gagara, ba a jiran gari ya waye, ba a jiran shawarar kowa. Kumburin ƙarƙashin harshe yana iya toshe numfashi.

Kafin ku samu tafiya, ki ba shi farasitamol daidai shekarunsa da nauyinsa, yadda ma'aikacin lafiya ya nuna, ya riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. Kar a ba shi asfirin, ba a ba yara ita, kar kuma a niƙa ta a cusa a ramin, dasashi take ƙonawa. Haka fetur da ruwan batir da garin taba, duk na ga waɗanda suka gwada, sun tafi asibiti da ciwo biyu. Kafson kemis ma kar a saya masa da ka. Wanda ake kira tetirasaikilin, in aka ba yaron da bai kai shekara 8 ba, yana rine haƙoran girma tun suna cikin dasashi, rinin da ba ya wankuwa.

Maigidanki ban ga mugunta a maganarsa ba. Mutum ne mai lissafin kuɗin mota da na magani a wannan zamani da kowa ke ji a jikinsa, kuma abin da ya taso yana ji ke nan, haƙorin yaro faɗuwa yake yi. Da lissafin za ki bi da shi. Ramin haƙori kamar tsagewar katanga ce da damina ta kawo kai: yau yaɓen hannu biyu ya isa, in aka bari sai an kira magina. Ƙaramin rami ciko ne a zama ɗaya. In ya kai jijiya, aikin ya ninka, zuwan ya ninka, kuɗin ma haka. Ku haɗa abin da ya riga ya tafi wurin mai hayaƙi da kemis a wata biyun nan, shi kansa zai ga kuɗin motar ya fita tuntuni. Daga Jega zuwa Birnin Kebbi bai cika tafiyar awa guda ba, kuma akwai sashen haƙori a Asibitin Sir Yahaya da asibitin tarayya da aka fi sani da FMC. In yana cikin tsarin inshorar lafiya na jihar Kebbi, wato KECHEMA, ko inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya, ya tafi da katinsa ya tambayi abin da tsarin ke ɗauka. Ku yi maganar ku biyu a ɗaki. In kika tayar da ita a tsakar gida a gaban mahaifiyarsa, dole ya tsaya bayanta ko da ya gane.

In ya ce ba shi da sarari, ki nemi izininsa ƙanensa ko yayarsa su kai yaron. In kuɗi ne babu, ki ce za ki ɗauka daga adashinki, ki faɗa a tausashe, ba da sigar gori ba. Maza da yawa in suka ji mace za ta fitar da nata, sai ki ga kuɗin sun fito daga wani aljihun.

A can likita zai duba, wataƙila ya ɗauki hoto, sannan ya faɗa ko ciko ne, ko aikin jijiya, ko cirewa. Ki roƙi wanda zai raka shi kar su taso da maganin haƙori ɗaya kawai. Turamen farko na girma huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa. A tambayi likita ya duba sauran ukun, in lafiyarsu lau ya toshe kwarurukansu da wani siririn rufi da ake shafawa ya daskare, ba allura, ba huji, minti kaɗan ne, yana kare haƙori shekaru. Akwai kuma man fulorayid mai ƙarfi, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori, da suke shafa wa yara kamar fenti, ana maimaitawa wajen sau biyu a shekara. Ga ramukan haƙoran nono akwai wani ruwan magani mai azurfa da ake ɗigawa ya tsayar da ruɓar inda take. Yana mayar da wurin baƙi ƙirin, a gaya wa Inna tun da wuri kar ta ce an ƙona mata ango. A tambaya ko suna da shi. Kuma kar kowa ya tsorata yaron da allura a hanya, ko a yi masa ƙaryar kasuwa za a je. Yaron da aka yaudara zuwan farko, na biyu sai an ɗaure shi.

Sai tsutsar Inna. Kar ki kuskura ki ce mata ƙarya ce, domin ta gani da idonta, kuma ba ita kaɗai ba. A ƙasar Iraƙi ta yau an tono allunan yumɓu na mutanen Babila, masu shekaru dubbai, ɗauke da karatun korar tsutsar haƙori. Turawa sun yi ta turara hayaƙi a baki har cikin ƙarni na 18. Akwai tsabar da in ta sha zafi take fashewa, ɗan farin zaren cikinta ya faɗa ruwa ya lanƙwashe kamar tsutsa, ga kuma saurin hannu na mai sana'a. Kwana goman da yaron ya samu kuwa, na faɗa miki ciwon da kansa yake lafawa. Sai wajen 1890 wani likitan haƙori Ba'amurke mai suna Miller, da ke aiki a Jamus, ya nuna yadda abin yake: akwai ƙwayoyin halitta masu rai a cikin dauɗar nan mai santsi da ke manne wa haƙori, suna cin sukari, suna fitar da ruwa mai tsami da ke narkar da farin ɓawon haƙori sannu a hankali har ya ɓurma.

Kin ga ke nan Inna ta kama rabin gaskiya, kuma ta nan za ku shiga. Lallai akwai mai rai a wurin, sai dai ido ba ya ganinsa, hayaƙi ba ya fitar da shi, kuma zaƙi ne abincinsa. Tsohuwar da aka ce mata ta yi kuskure za ta kafe, amma in aka ce mata tsutsar nan tata an gano abin da take ci, za ki ga ta gyara zama tana tambaya.

Ga wani abu da zai sauƙaƙa miki maganar sana'a. Duk sanda zaƙi ya shiga baki, tsamin nan yana aiki kamar rabin awa ko fiye, kafin yawu ya wanke shi ya soma mayar wa haƙori abin da ya rasa. In yaro ya sha alewa biyar a zama ɗaya bayan cin abinci, hari ɗaya ne, yawu zai yi gyara. In ya raba biyar ɗin, ɗaya da hantsi, ɗaya a hanya, ɗaya a aji, ɗaya da la'asar, ɗaya a kan gado, haƙorin bai huta ba tun safe. Ta kan gadon ta fi duka muni, saboda yawu yana raguwa in an yi barci. Illar aljihun da ba ya rabo da alewa ke nan. Don haka ba sai an raba ango da alewar amaryarsa ba. A tsayar mata da lokaci: sau ɗaya, bayan abincin rana, daga hannun Inna, ya bi da ruwa.

Kuma a yi wa tsohuwa adalci. Ba tukunyarta kaɗai ke cin haƙoran garinku ba. Biskit da ke lafewa a turame, minti, cingam mai sukari, lemun kwalba, zoɓon leda, shayin safe da ake zuba wa sukari har cokali ya tsaya, mazarƙwaila, har raken da muke ganin kamar ba komai, duk suna ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mafi kyau babban mutum kar ya wuce kamar ƙaramin cokali 6 na sukari a yini, yaro kuwa ƙasa da haka, ga shi kwalbar lemo ɗaya ta zarce wannan. A rahotonta na 2022 ta ƙiyasta yara miliyan 514 a duniya ke da ruɓa a haƙoran nono, kuma mafi yawansu ba su taɓa jin sunan gullisuwa ba. In kin zo magana a makaranta, zaƙi gaba ɗaya za ki ambata, kar sunan alewar madara ya fito daga bakinki shi kaɗai. Ni kaina, kar ki ga ina ta faɗa, ranar nan jikata ta zazzage jakata a gaban baƙi, minti ya fi goma. Kaka ba ta da abin da take nuna so da shi da ya wuce abin da za ta miƙa a sa a baki.

Wannan shi ne abin da za ki riƙe game da Inna. Ita ta yaye shi, ita ke tashi da shi cikin dare, ita ta biya mai hayaƙi daga ribar alewarta. Ranar da ta fahimci alewar na cikin abin da ya jawo, za ta ji zafin da ya fi naki, kuma mai jin irin wannan zafi yakan fara da musu. Ki bar mata ƙofar fita. Maganar ta fito daga bakin ɗanta, ko gwaggon yaron in suna shiri, kuma mafi kyau a tafi da ita Birnin Kebbi ta zauna kusa da kujerar likita. Gani ya kori ji, kuma abin da ba za ta karɓa daga suruka ba za ta karɓa daga mai farar riga. In an dawo, a ɗora mata aikin, tunda a ɗakinta yake kwana: buroshi da makilin su zauna wurinta, ita ce mai tabbatar da an goge kafin a kwanta. Gwaggonsa na iya tsokanarta da cewa wace amarya ke son ango mai giɓi. A faranti kuwa, ki taya ta da jarin mudu ɗaya na gyaɗa ko aya ko gurjiya, a ƙara ƙuli-ƙuli da awara kusa da alewar. In ta ga suna tafiya, ita da kanta za ta faɗaɗa.

Kunyar ɗan fari ado ce, ni ma na yi ta, har yau ban iya kiran sunan nawa ba. Amma iyakarta kiran suna da wasa da shi a gaban mutane. Iyayenmu da suka fi mu kunya, in ɗan fari ya kwanta ciwo, ta bayan fage su suke motsa kowa har a nemo magani. Haka za ki yi.

Gugar kanta akwai yadda ake yi. Sau biyu a rana, minti biyu, na dare shi ne wanda ba a yafewa, kuma bayansa ba abin da zai shiga baki sai ruwa. Ki duba kwalin makilin, ki ga lambar NAFDAC, ki nemi inda aka rubuta 1000 ppm ko 1450 ppm, wannan shi ne yawan fulorayid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Wanda ba shi da wannan, ƙamshi kawai kika saya. A wasu ƙasashe cikin ruwan famfo ake sa shi, an fara a wani birni na Amurka tun 1945, amma mu masu shan rijiya da burtsatse da ruwan leda, makilin ne hanyarmu. Ga babban yaron da ƙanwarsa, kamar ƙwayar wake ƙarama ya isa. Ga na goye, daga ranar da haƙorin farko ya ɓullo, wajen wata 6, ɗan shafe kamar ƙwayar shinkafa a buroshi mai laushi. Sai abin da zai yi wa Inna wuyar karɓa: in an gama a tofar kawai, kar a kurkure. Mun saba kurkura har sau uku, amma ruwan yana tafiya da maganin ne. Yaro ɗan shekara 7 hannunsa bai gama ƙwarewa ba, babba ya bi masa bayan ya gama, musamman can ƙurya. In gashin buroshi ya baje, wajen wata uku, a canza. Gawayi da toka suna sa haƙori haske na ɗan lokaci, amma kankare shi suke yi.

Asuwaki ba wanda zai ce ki bari. Yana share dauɗa sosai in an iya, ga lada. Ya zauna da rana, lokutan salla, buroshi da makilin su ɗauki safe da dare, domin asuwaki ba ya juyawa bayan turame yadda ya kamata, kuma ba ya ba da fulorayid ɗin da ake bukata.

Ƙananan biyu kina da sa'a, nasu a hannunki yake. Sau ɗaya a wata ki ɗaga leɓensu na sama a cikin haske, ki dubi inda haƙori ya haɗu da dasashi. In kin ga farin layi kamar an goga alli, farkon ruɓa ke nan, kuma a wannan mataki tana komawa in aka dage da makilin aka rage zaƙi. Kar a kwantar da na goye da fida cike da shayi ko kunun zaƙi. Maganin ruwa na yara ma galibi da sukari, a bi shi da ruwa. Ranar da za a kai yayansu, in da hali a tafi da 'yar shekara 3 ɗin a duba ta tun ba ta jin ciwon komai, ta saba da kujerar.

Maganar ajinki ita ta fi faranta mini rai, don a nan ke ce mai baki, ba suruka ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ko kin gyara gidanku, yaronki zai fita ya tarar da abokansa. Kina da mashiga da likita ba shi da ita. Hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba don kar ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da asuwaki a kowace salla, yana cikin Buhari da Muslim, yaranki sun haddace shi. Ki ɗora darasin a kansa, a babin tsarki. Sannan ki kai wa shugaban makaranta da kwamitin iyaye shawara ƙarama wadda za a iya: aji ɗaya, naki, kowane yaro da buroshinsa da sunansa a jiki, a jere su a katako mai huji yadda kawunansu ba za su taɓa juna ba, malama ta ɗiga makilin, a goge tare minti biyu kafin a fara karatu, a tofar a rami. Ko bokitin ruwa ba a bukata sai na ɗauraye buroshi. A ƙasar Filifin makarantun gwamnati sun yi shekaru suna haka, haɗe da wanke hannu da sabulu kullum. Buroshin aji ɗaya da makilin na zango ba su fi ƙarfin attajiri guda daga cikin 'yan albasa ko 'yan shinkafar yankinku ba, in liman ya ambata a masallaci cewa sadaka ce mai gudana. Masu talla a bakin makaranta kuwa, kar a kore su. A zauna da su, har da mai sayar wa Inna, a tsayar da lokaci ɗaya na sayen zaƙi, a ajiye randa kusa yara su kurkure.

In wannan ya kama, sai shugaban makaranta ya rubuta takarda, mai unguwa ko hakimi ya sa hannu, a kai sashen haƙori na asibiti a roƙi su zo duba yara. Ranar 20 ga Maris ita ce ranar lafiyar baki ta duniya, lokacin ne suka fi neman inda za su je, don haka takardar ta isa tun Janairu. Kar rashin wuta ya sa ku karaya. Akwai hanyar ciko da aka fara a Tanzaniya a shekarun 1980, da kayan hannu kawai, ba inji ba lantarki, ana iya yi a kan bencin aji, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kayan cikon, da ruwan azurfar nan, da makilin mai fulorayid, cikin jerin muhimman magunguna. Ki kuma yi magana da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi na garinku, ranar awo da ranar riga-kafi ta riƙa nuna wa mata ɗaga leɓen nan. Minti ɗaya ne a kan kowane yaro.

Tunda za ki riƙa leƙa bakunan yara, akwai cutar da ya wajaba ki sani, domin yankinmu na Kebbi da Sakkwato da Zamfara na cikin inda ta fi yawa, wato noma. Ba ramin haƙori ke kawo ta ba. Tana farawa daga dasashi, galibi ga yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Dasashi ya riƙa jini, baki ya yi mugun wari, gyambo ya fito, kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki ta soma cin fuska. In aka kama ta tun tana dasashi, maganin asibiti da tsabtar baki da abinci mai kyau suna tsayar da ita. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, magani kyauta ne. In kin ga haka ga ɗalibi ko ƙanensa, a ranar za ki je gidansu.

Aikin makarantar zai ɗauki watanni, Inna ma sai a hankali, tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa balle suruka da uwar miji. Amma tafiya Birnin Kebbi kar ta wuce makon nan. Ki yi cajin wayar tun da rana, ki bar maigida shi ya riƙe fitilar, shi ya ƙirga da bakinsa. In kun dawo daga asibiti ki rubuto mini lambar da kuka samu, da abin da likita ya ce game da sauran ukun, ki kuma gaishe mini da Inna.